Babur ɗin da Zai Ɗauki Baba

Na haura shekara arba'in ban taɓa tayar da babur ba, alhali ubana masinja ne. Ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to ni ne ɗan da ya ƙaryata masu karin magana. Baba ya ƙare rayuwarsa ta aiki a kan babur ɗin ofis, wani baƙi mai babban tanki, yana kai takardu daga wannan ma'aikata zuwa waccan, ko ana ruwa ko ana rana. Ranar da ya yi ritaya ya miƙa musu makullinsu, ya dawo gida a ƙafa da hular kwanonsa a hannu, ya rataye ta a ƙusa a bayan ƙofa. Ni kuwa keken da na ƙware a kansa shi ne na ɗinki. Gyaransa nake yi a ɗan shagona na bakin kasuwa, kuma in tela ya kawo mini keke yana tsallake zare, daga ƙara kawai nakan gane inda ciwon yake. Amma a ɗora ni a kan abu mai taya biyu da inji, sai in fara neman hanyar sauka.

Sunana ma daga nan ya samo asali. Ina ƙarami, ranar da Baba ya fara goya ni zuwa makaranta, yana murza totur na ƙwala ihu na ce, "Baba, riƙe ni!" Ya taka birki ya yi ta dariya har da hawaye. Ya ce shi da yake tuƙi da hannu biyu, da wane hannun zai riƙe ni? Ai ni ne zan riƙe shi. Kafin yamma duk unguwa ta ji labari. Tun daga ranar na zama Riƙe-ni. Telolin kasuwa haka suke kirana, surukaina haka, har 'ya'yana in sun ɗauka ba na ji.

Bara ciwon ya sami Baba, shanyewar ɓarin jiki, ɓarin hagu. Allah ya taƙaita abin, baki ya dawo, kuma ya dawo da kaifinsa kamar an wasa shi. Hannun yana ɗagawa amma yatsun ba sa damƙar komai, ƙafar kuma janta yake yi. Asibiti suka haɗa mu da ɗakin gashin ƙashi, inda wata Sista doguwa mai ƙaramar murya take lanƙwasa masa gwiwa tana miƙarwa, shi kuma yana cije leɓe. Ya sa mata suna Azzaluma. A gabanta yake faɗa, ita kuma ta amsa da na'am.

Matsalar ita ce zuwa wurin. Gidanmu a ƙarshen lungu yake, irin lungun da in mutum biyu suka haɗu da kaya sai ɗaya ya raɓe da bango, ga kwata ta ratsa shi dab da bakin titi. Mota ba ta shiga. Da farko da sanda yake takawa har titi mu tari tasi, amma kafin mu isa asibiti ya gama ƙarewa, sai ya kwanta a gadon Sista kamar tsumma, ba sauran ƙarfin da zai motsa komai. Maƙwabta suka ce a riƙa ɗaukarsa a kujerar roba zuwa titi. Sau ɗaya aka yi. Da aka sauke shi ya ce tun da ba a kai shi maƙabarta ba tukuna, kada a fara gwaji da shi. Muka kira mai babur na haya, mutum biyu suka cicciɓa shi suka ɗora. Tun daga ƙofar gida har asibiti Baba yana kushe tuƙin mutumin, yana gaya masa bai san giya ba, bai san birki ba, bai san kwana ba. Mutumin bai sake ɗaga wayata ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Sai fashi ya fara yawa. Yau a ce jiki ba daɗi, gobe a ce hadari ya taso. Wata rana Sista ta ja ni gefe a bakin ƙofar ɗakinsu, ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce ƙafar nan tana da lokacinta. In ana zuwa a kai a kai, Baba zai iya ajiye sandar nan wata rana. In aka ci gaba da fashi, gwiwar za ta sandare, kuma abin da ya sandare ba ita ba, ba likitan da zai warware shi. Na ji tsoro ƙwarai, don na san Baba: in ƙafar ta tafi, shi ma ba zai daɗe ba.

Matata ce ta faɗi abin da kowa yake gani ba ya faɗa. Tana wanke kwanuka, ko juyowa ba ta yi ba, ta ce abin da ke shiga lungun nan babur ne, kuma a gidan nan akwai namiji mai ƙafa biyu da hannu biyu lafiyayyu. Na ce mata ta san ni da babur. Ta ce ta sani, duk gari ma ya sani, amma tsoro ba ciwo ba ne da za a kai ni gashin ƙashi a kansa.

Da na kai wa Baba maganar, ya daɗe yana kallona daga sama zuwa ƙasa.

"Kai za ka goya ni?"

Na ce in ya yarda.

"Ni da na goyi rabin yaran unguwar nan? Goyo na jarirai ne da masu maye."

Wanzami dai ba ya son jarfa. Na tashi. Amma ina kaiwa bakin ƙofa ya tambaye ni wane irin babur nake tunanin saya, na ce ban sani ba, duk wanda ya samu. Kamar na watsa fetur a wuta. Ya gyara zama, ya ce babur ba tumatir ba ne da za a ce duk wanda ya samu. Rabon da in ji muryarsa ta cika ɗaki haka tun kafin ciwon. Ya yi mini lacca a kan tanki da sarƙa da taya, ya ce babur na gaskiya shi ne mai kuloci, wanda mutum yake ji a hannunsa lokacin da inji ya kama. Waɗannan ƙananan masu buɗaɗɗen gaba kuwa, da ake tsallaka ƙafa ta tsakiya a zauna kamar a kujerar ɗaki, ya ce keken ɗinki ne aka sa musu taya. Ya ce shi da kansa zai je ya zaɓa, don in aka bar ni zan sayo abin kunya.

Kafin ranar na roƙi maƙwabcinmu mai walda ya fara koya mini a kan nasa, babba mai kuloci irin wanda Baba yake so. A filin bayan makaranta muke yi da yamma. Ya ce in matse kuloci da hannun hagu, in taka giya, in riƙa saki a hankali ina ba da wuta da dama. Maganar da sauƙi a baki. In na saki a hankali babur ya mutu, in na saki da sauri ya zabura da ni kamar an tsikari jaki. Ƙafafuna ma da ƙyar kan yatsu suke taɓa ƙasa, don ni ban gado tsawon Baba ba. Sau biyu muka kwanta tare da babur ɗin a cikin yashi. Mai walda mutum ne mai haƙuri, amma na ga yana shafa tankinsa yana kallona irin kallon da ake yi wa baƙon da ya daɗe. Ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, ni kuwa har gwadawa na yi. Ban gaya wa Baba ba, sai dai lungu ba ya riƙe sirri.

Ranar zuwa shagon babura, Baba ya sa rigarsa mai kyau, ya taka har titi da sandarsa ba tare da ya tsaya hutawa ba sai sau ɗaya. Shagon dogo ne, babura jere cikin ledarsu, warin sabuwar taya ya cika ko'ina. Mai shagon wani mai tumbi ne da ake ce wa Ba-matsala, don duk abin da ka tambaye shi da ita yake farawa. Yana ganina ya nuna mini layin ƙananan, ya ce ga na masu koyo. Baba ko kallon wurin bai yi ba. Ya wuce kai tsaye wurin wani baƙi mai babban tanki, ɗan'uwan wanda ya yi aiki da shi, ya shafa shi tun daga fitila har wurin zama. Ya duƙa ya duba sarƙa, ya tambayi abubuwan da Ba-matsala ya rasa amsarsu. Na ji daɗi a raina, don na daɗe ban ga ubana a wurin da ya fi kowa sani ba.

Sai ya kai hannun hagu kan kuloci, yadda ya saba tun kafin a haife ni. Yatsun suka kwanta a kan ƙarfen, ba su matse ba. Ya ɗan tsaya yana kallonsu, sannan ya janye hannun ya sa a aljihu.

Ya ce in riƙe masa kan babur ɗin zai hau baya ya ji zaman. Ya tsaya ta dama a kan ƙafarsa mai lafiya, ya yi ƙoƙarin ɗaga ta hagu ya wurga ta kan kujera. Ko salansa, bututun hayaƙin, ba ta wuce ba. Ya zagayo ta hagu, ya ce zai wurga ta daman. Yana ɗaga ta, ta hagun ta lanƙwashe a ƙarƙashinsa, na saki babur na tare shi da ƙirjina, sandar ta faɗi ta yi ƙara a kan siminti. Mutanen da ke ciniki a gefe suka juyo. Ba-matsala ya taho da sauri, kuma da kyakkyawar niyya ya zo, amma da bakinsa ya ɓata komai. Ya ce ba matsala Baba, ai sai a riƙa ɗaga ku ana ɗorawa, mutum biyu sun isa.

Da ina da spana a hannu a lokacin, ban san abin da zai faru ba. Baba ya karɓi sandarsa, ya ce mu je gida.

Daga ranar ya shige ɗaki. Rediyonsa da ba ta mutuwa ta mutu. In an kai abinci ya ɗan taɓa ya ture. Ranar asibiti ta zo ya ce ba ya zuwa, wata ta zo ya ce a ƙyale shi, ƙafa tasa ce. Na yi lallashi, na yi fushi, har na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Ya juya fuska ga bango. Da safe in na taimaka masa ya tashi, sai in ji gwiwar tana ƙara nauyin lanƙwasawa a hannuna, kamar keken da aka ajiye ba mai. Na san ma'anar wannan, don aikina ke nan.

Matata ce ta buga wa Sista waya, ban sani ba sai da na gan ta. Ranar hutu da la'asar Sista ta turo babur ɗinta har tsakar gida, wani ɗan shuɗi mai buɗaɗɗen gaba wanda fentinsa ya koɗe, ta ce ba ta son barinsa a lungu ya tare wa mutane hanya. Ta kafe shi a kan babbar ƙafarsa. Ta tsaya a ƙofar ɗakin Baba ta gaishe shi, kuma ko sunan ƙafa ba ta ambata ba. Ta ce ta ji an ce shi tsohon masinja ne, ga birkinta na baya yana nutsewa sosai kafin ya kama, ta kai wa makanikai sun ce lafiya lau, ita kuma ranta bai kwanta ba. Har yau ban sani ba ko birkin nan yana da wata matsala.

Baba ya yi kamar bai ji ba. Amma wanda ya yi rayuwarsa a kan babur ba a gaya masa birki na nutsewa ya ci gaba da kwanciya. Can sai ga shi ya fito yana jan ƙafa, yana cewa makanikan yanzu ko iskar taya ba su iya gwadawa ba. Ya danna birkin da kan sanda, ya ce ba a jin birki da sanda, sai da ƙafa, kuma sai a zaune. Ya miƙo mini sandar ba tare da ya dube ni ba. Ya tsaya ta dama, ya kama kan babur da hannun dama, ya ɗaga ƙafar hagu kaɗan, bai fi tsayin tafin hannu ba, ya zura ta ta cikin buɗaɗɗen wurin, ya zauna. Ba wanda ya taɓa shi.

Ya taka birkin sau da yawa yana sauraro, ya ce in ɗauko masa ƙaramar spana a cikin kayan aikina, ya nuna mini noti ɗin da zan ɗaure da yawan juyin da zan yi masa. Na duƙa ina ɗaurewa. Da na ɗago sai na ga ya ja jikinsa baya a kan kujerar, wai yana leƙen tayar baya, har ya kai wurin zaman mai goyo. Ya zauna a nan, gabansa wuri a buɗe wanda mutum zai iya tsallakawa ya zauna. Sista ta kama latsa wayarta. Matata ta tuna tana da abu a kan wuta. Ni kuma na ci gaba da ɗaure notin da ya riga ya ɗauru. Bayan ɗan lokaci ya matso gaba ya sauka yadda ya hau, ya ce wa Sista birkinta ya gyaru, kuma ta riƙa sa wa sarƙa mai, babur ba jaki ba ne.

Washegari kafin in fita shago ya kira ni. Yana zaune a bakin gado, rediyo tana magana ƙasa-ƙasa.

"Ka je ka sayo irin na Azzaluma."

"Keken ɗinkin, Baba?"

"Ai kai mai gyaran keken ɗinki ne, kun dace."

Ya lissafa mini abin da zan duba. In zauna a kai in tabbatar tafin ƙafafuna duka biyu sun kwanta a ƙasa, ba kan yatsu ba. Kujerar ta zama doguwa shimfiɗaɗɗiya, ba mai tudu a tsakiya ba. A sami ƙarfen riƙo a baya. Kada in bar Ba-matsala ya ruɗe ni da launi ko fitilu masu walƙiya. Na juya zan fita ya ƙara da cewa, "Kuma kada ka kuskura ka kawo mai kuloci. Hannunka na hagu ina so ya zauna ba shi da aiki."

Maganar nan ta sosa mini rai. Na san labarin faɗuwata a filin makaranta ya iso shi, amma ban zaci zai goranta mini ba, ni da nake wannan wahala saboda shi. Na gaya wa matata a bakin ƙofa cewa tsohon nan ko a gadon asibiti sai ya nuna wa mutum bai iya ba. Ta ce in je in sayo babur, mita ba ta ƙare mini ba.

Ba-matsala ya tarbe ni kamar ba abin da ya faru. Na bi layin ƙananan ina zama a kan kowanne, ina sauke ƙafa, ina ja da baya a kan kujera in ji ko mutum zai iya zamewa ba tare da ya ɗaga jiki ba. Wani kujerarsa ta yi tudu, wani ƙarfen bayansa siriri ne kamar na rataye kaya. Ya yi ta tura mini wani ja mai ƙyalli, ya ce shi matasa suke yayi. Na ce masa wanda zai hau ya wuce yayi. Na tsaya a kan wani ruwan toka, ba shi da kyan gani ko kaɗan, amma duk abin da Baba ya lissafa yana da shi. Da aka tayar da shi na saurari injin, kuma gaskiyar Baba ce, ƙararsa ba ta da maraba da keken ɗinki mai lafiya. Wannan ne karo na farko da na ji ƙarar babur ban ji tsoro ba.

Turo shi na yi har gida, don ban isa in shiga titi da shi ba. Hanyar kuwa ta gaban layin teloli ta bi. Suka fito bakin shagunansu suna tambaya ko sabon babur ɗin ne ba shi da lafiya, ko mai shi. Wani ya ce in goya shi a baya mana, ya fi sauƙi. Na ce musu duk wanda kekensa ya lalace a makon nan ya nemi wani mai gyaran.

Baba ya zagaya shi da sanda, ya ƙwanƙwasa taya, ya ce ba laifi. A bakinsa wannan yabo ne babba. Amma ya ce ba zai hau ba sai ya ga na iya, don bai tsira daga ciwo ba ya zo ya mutu a kwata. Ya sa aka cika buhu da yashi kimanin nauyinsa, aka ɗaure a baya, ya sa wa buhun suna Tsoho. Kullum da sassafe kafin lungu ya cika, da yamma kuma bayan na rufe shago, sai a fitar masa da kujera ƙofar gida, ni kuma in yi ta kai da kawowa da Tsoho a bayana. Yana zaune yana ba da umarni: in daina kallon tayar gaba in kalli inda za ni, in fara taka birkin baya kafin na hannu, in tsallaka kwata a miƙe ba a karkace ba. Ranar da buhun ya zame ya faɗa cikin kwatar, ya ce wa maƙwabta su zo su yi mini ta'aziyya, na kashe Tsoho. Mutane suka yi ta dariya, ni ma na yi, amma a raina lissafin gwiwar nan nake yi. Sista tana leƙowa in ta samu hali ta motsa masa ita a gida, sai dai ta gaya mini wannan riƙon ƙwarya ne, kayan aikin suna can asibiti.

A hankali abin ya zauna mini. Na fara fita titi da Tsoho, na zagaya kasuwa da shi, na je har ƙofar asibiti na dawo don in san ramukan hanyar. Na yi lasisi, na sayi hular kwano. Telolin suka gaji da tsokana suka koma aikinsu. Wata yamma na shigo lungu, na tsallake kwata, na tsaya a gabansa ba tare da buhun ya ko motsa ba. Ya dube ni, ya dubi buhun, ya ce gobe a sauke Tsoho, akwai asibiti.

Da safe matata ta sauko da hular kwanonsa daga ƙusa, ta goge ƙurar da ta yi shekaru a kanta. Ni na ɗaure masa igiyar a haɓa, don hannu ɗaya ba ya ɗaure ta. Ya hau yadda ya hau na Sista, ta dama, ya ja baya, aka sa masa ƙafar hagu a kan matakinta. Na tsallaka ta gabansa na zauna. Nauyinsa bai kai na buhun ba, kuma wannan ya ba ni tausayi fiye da komai. Ya kama ƙarfen baya da hannun dama. Na hagun kuwa ya ɗora mini shi a ciki, yatsun a buɗe.

Na tayar, muka fara tafiya a hankali. Ba mu yi nisa ba na ji hannun yana zamewa, ya sauka kan cinyata, ya faɗi gefe yana lilo. Jikinsa ya ɗan karkata hagu, babur ya bi shi. Na taka birki dab da kwata, na sa ƙafafu a ƙasa, ina jiran faɗa.

Ya matso da bakinsa kusa da kunnena, murya ƙasa yadda ba wanda zai ji a lungun.

"Riƙe-ni."

"Na'am, Baba."

Injin yana ta ɗinkinsa a ƙarƙashinmu. Na ɗauka zai ce na taka birki da ƙarfi, ko na kalli tayar gaba. Sai ya sake faɗa, a hankali, kalma biyu a rarrabe.

"Riƙe ni."

Na dubi hannuna na hagu a kan babur, ba abin da zai matsa, ba abin da zai saki. Tun ranar da ya aike ni shagon babura ya san da wane hannun za a riƙe shi, ni kuwa na tsaya ina mita a bakin ƙofa. Na lalubo hannunsa, mai sanyi, mara nauyi, na maido shi cikina, na ɗora nawa a kai na danne. Lungun ya dushe a idona.

"Duba gabanka," in ji Baba. "Ba a kuka a kan babur, hanya ba ta ganuwa."

Na share ido da kafaɗa, don hannuwan duka biyu suna da aiki, na ba da wuta kaɗan, muka tsallake kwatar a miƙe.